Jan Akwatin da Ya Tsaya a Malumfashi

Funtuwa,
9 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga bawana Bature,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Bradford bai ƙarasa cinye maka kunnuwa ba. Mu nan lafiya lau. Kakarmu Inno tana Malumfashi, ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ta ce in gaishe mata da maigidanta da ya tafi karatu shekara biyar ko sabulu bai aiko mata ba. Na ce mata ai kakanka ƙanenta ne, rowar a jininku take. Ta ce ita ta raine ni, ta san inda tawa take. Na ga mahaifiyarka Goggo Kulu ranar kasuwar Bakori, tana lafiya, ta ce ɗanta ya fi rubuta wa taubasai wasiƙa a kan uwarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na sayi kan sarki.

Ka ji an ba mu jiha. An yi kiɗa, an yi jawabi, sannan aka zauna rabon kaya tsakanin Kaduna da Katsina kamar rabon gado. Ofishinmu na gwajin iri ya tashi da kujeru goma sha ɗaya, da babur biyu, da ni. Kwamfutar ofishin ta faɗa kason Kaduna, tun watan jiya aka ɗora ta a mota.

Shekara huɗu ke nan ina bin gonaki sittin a Kafur da Bakori da Musawa, ina gwada wata dawa da na samo a rumbun wani tsoho, Malam Sanda na Kafur. 'Yar Sanda nake kiranta. Ka tuna ƙuduji, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke kama saiwar dawa ta shanye ta tun tana tsaye? A ganina 'yar Sanda ba ta damu da shi ba. Amma kwamitin iri da zai zauna a Zariya ranar 12 ga Afrilu ba ya karɓar shaidar ido, balle idon mace. Alƙaluma yake so. Alƙaluman suna cikin faifai goma sha ɗaya a jakata, takardun asali kuma gara ta yi walima da su a sito. Idan na je ba komai a hannuna, za a karɓe filayen gwajin a ba masu masara, 'yar Sanda ta koma rumbun da ta fito, shekaruna huɗu su bi ta.

Na je Zariya neman aron na'ura. Layin masu jira ya kai watan Yuni.

Saboda haka na sayi gawa. A gwanjon wani kamfanin auduga na samu wata kwamfuta da ta mutu. Akwatinta lafiya, talabijin ɗinta lafiya, madannai lafiya, abin karanta faifai yana juyawa. Babban allon da ke cikinta ne ya ƙone tare da ƙwaƙwalwar da ke kansa, har yanzu yana ƙaurin babbakar akuya. Abin da nake so ka nemo min ke nan: babban allo da ƙwaƙwalwarsa, na hannu, ƙirar 286. Na zana maka girman akwatin da ramukan kusoshi a bayan wannan takarda. A ɗakina zan haɗa ta, a kan teburin cin abinci, tunda ba ni da mai tambayata ina tuwo.

Kada ka aiko min da nasiha. Na karanta littafin na'urar sau biyu, sukudireba kuma ba ta tambayar wa ya riƙe ta.

Uwar ɗakinka,
Lauratu

*

Bradford,
3 ga Disamba, 1987

Zuwa ga baiwata Lauratu, wadda ta manta matsayinta,

Na samu wasiƙarki, na yi murna da jin kuna lafiya. Ni ma ƙalau, sai tari da kowa ke yi a garin nan. Ki ce wa Inno amaryata sabulu yana hanya, har da ɗankwali, ta daina kai ƙarata.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Na samo!

Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa na je wani gwanjo a bayan gari. Wani kamfanin inshora ne ya sauya na'urorinsa, aka tara tsofaffin a wani sito mai sanyi kamar randa. Mutane suna ta rububin ƙananan, ni kuwa na wuce can lungu inda babbar take. Ita ce uwar sauran, ita ke riƙe wa na'urori ashirin takardunsu a ofishin. Mai gwanjon ya ce shekara biyu ba a taɓa kashe ta ba, ko ranar Kirsimeti. Irin wannan ba a yi mata allon banza. Na buɗe ta a gabansa, na shinshina, na duba ko akwai abin da ya kumbura ko ya yi baƙi, babu. Na cire allon da ƙwaƙwalwar, na bar masa akwatin, don ko jaki ba zai ɗauke shi ba.

Na kai ɗakin gwajinmu na bar shi a kunne kwana uku. Bai ko yi tari ba, ya fi ni lafiya. Ramukan kusoshi sun yi daidai da zanenki, sai ɗaya da za ki huda.

To ga nasihar da kika ce ba kya so. Ƙwaƙwalwar 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai akwatin ashana ba, tana da ƙafafu sittin da takwas a ƙasanta, kowace siririya kamar allura. Idan ɗaya ta lanƙwashe kin shiga uku. Kafin ki taɓa ta ki taɓa ƙarfen famfo. Akwai ɗigo a kusurwa ɗaya, ki daidaita shi da ɗigon da ke kan gurbinta. Kada ki danna da ƙarfi irin yadda kike danna mutane.

Ba zan sa a gidan waya ba. Alhaji Maitama dillalin auduga na Malumfashi yana Landan ana yi masa aikin ido, tsakiyar Janairu zai koma. Zan kai masa da kaina. Dattijo ne, abin da aka ba shi yana isa.

Ladan aikina daddawa da yaji. Kada ki ce kin manta.

Ubangidanki har gobe,
Bature

*

Funtuwa,
2 ga Fabrairu, 1988

Bature,

Ina fata kana lafiya, tarin kuma ya tafi. Muna lafiya.

Saƙonka ya iso. Alhaji Maitama ya sauke komai a gidan Inno, kamar yadda kowane dattijo zai yi, Inno kuma ta buɗe ta raba tsaraba kamar yadda kowace tsohuwa za ta yi. Kwana goma bayan nan direban motar Malumfashi ya kawo min kwali ɗaya ofis.

Allon yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Kore shar, da layuka kamar taswirar garin da aka tsara da hankali, ba irin namu ba. Na huda ramin da ka ce, na ɗaura kusoshi, na haɗa wayoyi. Sai na duba tsakiya. Akwai wani gurbi mai ramuka sittin da takwas. Na ƙirga su sau uku, tunda ba ni da wani aiki. Babu komai a cikinsu.

Na zazzage kwalin. Na warware jaridun da ka naɗe shi da su ɗaya bayan ɗaya, yanzu na san farashin gidaje a Bradford. Babu ƙwaƙwalwa.

Na je wurin Alhaji Maitama. Ya karɓe ni a zaure da baƙin gilashi a idonsa, na tambaye shi ko wani abu ya faɗi a hanya, ko 'yan kwastan sun riƙe. Ya ce ko allura ba ta ɓace ba. Sai ya yi wani irin murmushi ya ce, "'Yata, ki kwantar da hankalinki, komai yana hannun manya." Na ɗauka aikin idon ne ya taɓa masa wani wuri.

Na wuce gidan Inno. Da na ambaci sunanka sai fuskarta ta rufe kamar an ja ƙyaure. Ta ce, "Abin da ya dace ki gani shi na aiko miki. Kada ki ƙara yi min maganar yaron nan a gidan nan." Ba maigida, ba ango, yaron nan. Ban san me ka rubuta mata ba, ko me ka ƙi rubutawa, kuma a yanzu ba shi ne a gabana ba.

Ga abin da nake zato, ka zaɓi ɗaya. Ko ka gwada allon da ƙwaƙwalwar ɗakin gwajinku ka manta ba taka ba ce. Ko tana nan kan teburinka ƙarƙashin kofin shayi. Ko kuwa ka ga tsadarta ka ce bari baiwar ta fara da gangar jiki, kan ya biyo baya. In na ukun ne, da ka faɗa tun Disamba da na san inda na nufa.

Shugaban ofishinmu Malam Maiwada ya fara zagaya filayena da masu masara. Jiya na gan su da igiyar awo. Ya gaishe ni da ladabi sosai, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya.

Saura kwana saba'in. Ka ba ni amsa ranar da ka karanta wannan, ba washegari ba.

Lauratu

*

Bradford,
10 ga Fabrairu, 1988

Lauratu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kusan wata guda ke nan da Alhaji ya koma, ko layi ɗaya ban gani daga gare ki ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu sau biyu, har mai gidan da nake haya ta fara tausaya min. Idan kin kunna ta ƙone ne kina jin kunyar gaya min, ki faɗa. Kowa yana ƙona ta farko. Ba zan yi miki dariya ba sai bayan shekara guda.

Abin da ya fi damuna shi ne wasiƙar da na samu jiya daga gida. Goggo ta sa an rubuto min cewa Inno ta mayar mata da ɗankwalin da na aika, da sabulun, ta kuma aika mata cewa ɗanta ya raina su, ya raina gidan da kakansa ya fito. Goggo ta je bikon magana, Inno ta bar ta a tsakar gida ko tabarma babu. Goggo tana tambayata me na yi. Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Shekara talatin da huɗu Inno tana zagina, ban taɓa jin ta yi fushi da ni ba sai yau. Don Allah ki bincika min.

Game da na'urar, ga abin da na manta ban rubuta a cikin kwalin ba. Na cire ƙwaƙwalwar daga gurbinta don kada a danne kwalin a jirgi ƙafafun su karye. Na rasa abin da zan sa ta, sai na tuna da ɗan akwatin maɓallan hannun riga da aka ba ni kyauta, ja, mai karan-miski a ciki. Na kafa ƙafafun a soso, ta zauna daram kamar don ita aka yi shi. Na ce wa Alhaji ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya ba ki a hannunki, kada kowa ya buɗe sai ke. Ya yi ta dariya yana cewa Allah ya sanya alheri, ban san me ya ba shi dariya ba. Ki ajiye min akwatin, ina son abina.

Ki rubuto ko da zagi ne.

Bature

*

Funtuwa,
3 ga Maris, 1988

Bature,

Muna lafiya. Ka zauna, yau ni ce mai cewa a zauna.

Wasiƙarka ta 10 ga Fabrairu ta yi kwana goma sha tara a hanya, ta yi saɓani da tawa. Ka yi watsi da abin da na rubuta a waccan, ban da maganar kofin shayi, wannan halinka ne ko da ba ka yi ba. Ina gama karanta "jan akwati" na ɗauki gyale na tafi tasha.

Na samu Inno tana tsince wake. Na ce, "Inno, ina jan akwatin?"

Ta ce, "Wane akwati?"

Na ce, "Wanda Bature ya aiko."

Ta ce, "Au, har ya sami bakin gaya miki? Marar kunya."

Sai da na rantse mata cewa aikina na shekara huɗu yana cikin akwatin nan kafin ta tashi. Daga ƙarƙashin gado ta jawo kwalla, cikin kwalla akwai ƙullin zane, cikin zanen akwatinka. Ta riƙe shi ba ta ba ni ba. Ta ce, "Ke da kika yi jami'a, ba ni amsa. Namiji ba shi da mata. Ya aiko wa bazawara, taubashiyarsa, jan akwati ta hannun dattijo, ya ce a sa a aljihun ƙirji, kada kowa ya buɗe. An buɗe an ga abu yana walƙiya rawaya. Mene ne sunan wannan a garinku?"

A garinmu ma sunansa toshi.

Ka gane yanzu? Alhaji Maitama ba zai taɓa kai irin wannan saƙo gidan ma'aikata ya miƙa wa mace a hannu ba, wurin manya ake kaiwa. Inno ta ce kwana uku ba ta iya cin abinci ba don murna. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba. Da na matsa, kowan ya zama mutum bakwai. Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai, ta rasa ta ina ake rataya shi. Ta ce ta ɗauka sabon yayin Ingila ne.

Sai ta yi abin da kowace kaka mai hankali take yi da zinariyar toshi. Ta kai wa maƙeri ya gwada.

Ka san Adebayo na bakin kasuwa, wanda ubansa ya yi wa Inno 'yan kunnen aurenta, wanda Hausarsa ta fi tawa da taka. Ya goga a dutse, bai gamsu ba. Sai ya sa ɗan almakashinsa ya datse ƙafa ɗaya, ya jefa a ruwan gwaji. Rawayar ta saluɓe, farin ƙarfe ya fito. Ya ce, "Hajiya, wanki ne."

Inno ta ce a gaban mata uku ya faɗa. Ta ce min, "Aurenki ɗaya ya mutu ina kallo. Ba za a ɗaura miki na biyu da gwangwani ba. Na ɓoye ne don kada ki ji abin da na ji." Tana faɗa idonta ya kawo ruwa. Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa inda zan ajiye shi.

Na yi mata bayani. Na ce ba ado ba ne, ƙwaƙwalwar inji ce. Ta ce to wane irin mahaukaci ne ke sa kayan inji a akwatin ango? Ban kare ka ba.

Yanzu tana gabana a kan tebur. Ƙafafu sittin da bakwai, da ɗan kututture. Guntun da aka yanke ya narke a kwalbar Adebayo. Na zana maka ƙasanta a nan, na sa alama a inda ƙafar take, ka ƙirga daga ɗigon. Littafina bai nuna aikin kowace ƙafa ba. Na ji ana cewa akwai waɗanda ba sa aikin komai, kamar wasu a ofishinmu. Ka duba ka gaya min: wannan tana cikinsu? In kunna haka, ko zan ƙona allon ma?

Na biya wurin Adebayo. Da ya ji abin da ya yanka sai ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce zai iya dasa mata wata. Ban ba shi ba tukuna.

Saura kwana arba'in. Wasiƙa tana cin goma sha tara zuwa, goma sha tara dawowa. Ka iya lissafi. Ka buga min waya, wato telegiram, ta gidan waya, kalma ɗaya ta isa: kunna, ko kada.

Lauratu

*

Bradford,
22 ga Maris, 1988

Lauratu,

Lafiya lau. Yau da safe wasiƙarki ta shigo, a tsaye nake rubutu.

Kada ki kunna. Na duba littafin masu ƙera ta, na ƙirga daga ɗigon sau huɗu. Cikin ƙafafu sittin da takwas, Adebayo ya zaɓi wadda ke karɓar bugun da ke tafiyar da komai. In babu ita gawa ce.

Kuma don girman Allah kada ki bari ya kusance ta da wuta. Na san yadda suke aiki, fitila da bututun hurawa. Zafin da ke narka zinariya zai dafa abin da ke ciki kafin ki ƙifta ido. Ko a nan, da kayan aikinmu, ba wanda zai yarda ya gwada. Na buga miki waya da safen nan, kalma biyu: kada, jira.

Na kira masu gwanjo uku. Akwai wata, amma sai farkon Mayu. Ki rubuta wa kwamitin ki roƙi a ɗaga miki, ki ce laifin ɗan'uwanki ne, gaskiya ce. Ni na sa ta a akwatin nan. Na yi shekara biyar a nan har na manta yadda abu yake kama a idon mutanenmu.

Maganar Inno kuwa, tun ɗazu nake zagaya ɗaki. Ki ba ta haƙuri kafin tawa wasiƙar ta iso. Ban yi nufin komai ba, Allah ya sani. Da na san haka za a ɗauke shi

Na rubuta wani abu a nan na soke. Kada ki wahalar da idonki.

Bature

*

Funtuwa,
17 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga bawana Bature,

Gaisuwa, da barka da shirin azumi. Kowa lafiya. Ruwa bai sauka ba amma gabas ta fara haɗa fuska.

Na gode da gargaɗinka. Ya iso ranar 14, kwana biyu bayan kwamitin ya tashi. Wayar da ka buga kuma har yau tana hanya, wataƙila a ƙafa take zuwa.

Na jira ka har 25 ga Maris. Na rubuta wa kwamitin, suka amsa da layi biyu cewa damina ba ta jiran kowa, su ma haka. Ranar 26 da safe na sa akwatinka a jaka na tafi Malumfashi. Inno ta ce ƙafarta ƙafata, tunda ita ta kai aka yanke.

Adebayo ya sa gilashinsa na ido ɗaya ya daɗe yana kallon kututturen. Na fara yi masa bayanin zafi, ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Malama, na taɓa gyara zobe da dutsen da ba ya son wuta. Ba a hura wa irin wannan." Ya ture fitilarsa gefe. Ya naɗe jikin ƙwaƙwalwar da jiƙaƙƙiyar auduga, ya bar kututturen kaɗai a waje, ya kama gindinsa da hantsaki. Ya ce da allurar tagulla mai zafi da ɗigon dalma zai yi, taɓawa ɗaya. Na sa shi ya taɓa ƙarfen ƙofa tukuna. Ya taɓa, bai tambaye ni dalili ba, ya ce kowace sana'a da camfinta.

Sai maganar abin da za a dasa. Na kawo wayar tsohuwar rediyo. Ya murza ta a yatsa ya ce wannan damina ɗaya za ta yi kore. Muna cikin haka sai na ga Inno ta kai hannu kunnenta. 'Yan kunnen da ta sayo a Makka ne, waɗanda ko wanka ba ta cire su. Ta ajiye ɗaya a kan teburinsa.

Na ce, "Inno, a'a."

Ta ce, "Ba da ke nake ba. Adebayo, yanka. A samu ta gaske ko ɗaya ce a cikin abin nan."

Ya narka, ya ja ta cikin farantinsa mai ramuka, daga babban rami zuwa ƙarami, har ta yi kauri ɗaya da sauran ƙafafun. Sannan ya ce kowa ya yi shiru. Sai na ji ɗan ƙauri, ya ɗaga hannunsa. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba. Ya daidaita tsawon da ɗan zarto, ya miƙo min. Sai ka kawo ido kusa za ka gane ta, ta fi 'yan'uwanta rawaya.

Washegari da hantsi na sa ta a gurbinta. Inno ta biyo ni Funtuwa, ta zauna a kujera da carbi. Na daidaita ɗigo da ɗigo, na danna a hankali, ka ga ina jin magana wani lokaci. Na kunna. Fanka ta tashi. Talabijin ɗin baƙi ƙirin. Na ƙirga har goma sha biyu a zuciyata, na fara tsara abin da zan ce wa Malam Sanda. Sai ta yi ƙara ɗaya, lambobi suka fara gudu a kusurwa.

Inno ta ce, "Shi ke nan? Duk wahalar nan don kuka ɗaya?"

Faifai goma sun buɗe. Na goma sha ɗaya, na Musawa shekara ta biyu, ya ƙi, kuma ya ƙi har yau. Kwana goma sha uku na yi ina aiki, ina kwafe sakamako da hannu daga talabijin ina bugawa a tafireta, ban kashe ta ba ko sau ɗaya don tsoron kada ta tuna abin da aka yi mata. A gonakin da ƙuduji ya yi yawa, 'yar Sanda ta fi dawar da ake rabawa a shekara uku cikin huɗu. Idona bai yi ƙarya ba.

Kwamitin bai tafa ba, ba halinsu ba ne. Sun tambayi inda Musawa ta shiga, na faɗi gaskiya. Sun bar min kashi biyu cikin uku na filayen da damina biyu, da izinin raba iri ga manoma ɗari biyu bana. Sauran kashin masu masara sun samu, Malam Maiwada bai auna a banza ba. Wani farfesa ya leƙo ta saman gilashinsa ya ce wa ya yi min lissafin. Na ce maƙeri.

Inno ta kai wa Goggo Kulu goro da kanta, ta kuma karɓo ɗankwalinta da sabulunta, ta ce dama aro ta ba ta. Tana yawo da ɗan kunne ɗaya, ta hana a yi mata wani. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ɗayan yana aikin gwamnati a Funtuwa. Daddawarka da yajinka suna wurin Alhaji Maitama, zai koma a duba masa idon bayan salla. Akwatinka kuma ba zan mayar ba.

Saura abu ɗaya. Layin da ka soke, na ɗaga takardar a rana. Rubutunka bai taɓa kyau ba, sokewarka ta fi shi muni. Ka rubuta, "da na sa ta gaske."

Ni ban ce komai ba. Amma in haka ne, ka riga ka san hanya: ta hannun dattijo, zuwa Malumfashi. Ka dai sani Adebayo zai gwada.

Uwar ɗakinka,
Lauratu